Kawu Bai Taɓa Birkin Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya koma a makon jiya, bayan jinyar da ba ta kai wata guda ba. Bakanike ne. Ya shafe fiye da shekara arba'in yana gyaran motoci a wani gareji da ke bakin unguwar Congo-Russia a Jos, har ƙarfinsa ya ƙare. Da hantsi aka yi masa sutura, kuma kafin azahar layin gidansa ya cika har mutum bai samun inda zai ajiye takalmi.

Na zauna a gefen tabarma ina sauraron masu gaisuwa. Direbobin da ke ɗaukar tumatir da kabeji daga kasuwar Farin Gada sun zo ayari guda. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mutumin nan kunne gare shi. Kana shigowa da mota, kafin ka kashe ta ya gaya maka ciwonta." Na kusa da shi ya ce, "Ni sau uku yana hana a sauke mini inji." A kan benci, can bakin ƙofa, akwai wani dattijo Kirista daga Bukuru, wanda suka koyi aiki tare da Kawu tun suna samari. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, bai shiga hirar ba. Da na je gaishe shi sai ya ce, "Oga ya tafi. Yanzu da wa zan yi faɗa?"

Sai kuma dangi. Na ga fuskokin da suka yi shekara goma sha ɗaya ba su tsallaka ƙofar gidan nan ba, sun zo da manyan riguna, sun zauna a sahun gaba. Wani baffanmu ya sassauta murya, amma ba yadda za a kasa jinsa ba, ya ce, "Allah dai Ya yafe masa waccan ta Hawan Kibo. Kuskure ne, ba ganganci ba." Aka amsa da amin, ana gyaɗa kai, kowa na jin ya yi wa mamaci karamci.

Wannan amin ɗin ce ta sa ni rubutun nan. An yi shekara goma sha ɗaya ana cewa Kawu ya gyara birkin motata bai ɗaure shi daidai ba, har ya zama sanadin mutuwar matar ƙanena. Ƙarya ce. Kawu bai taɓa birkin ba, kuma shaidar hakan tana hannuna tun ranar farko. Na yi aikin ajiyar takardu a ma'aikatar gwamnati har na yi ritaya, kuma ɗabi'ar aikin ta bi ni gida: kowace mota na mallaka, ina da littafin da nake rubuta abin da ya same ta, da abin da aka kwance, da abin da bakanike ya faɗa. Zan zo kan wannan shafin. Amma ya kamata a fara sanin irin mutumin da aka yi wa ƙazafin.

Kawu ba ya fara buɗe bonet. In ka kawo masa mota ka ce ba ta da ƙarfi, sai ya goge hannunsa, ya shimfiɗa tsumma a kujerar gaba don kada ya ɓata maka, ya zauna ya ce ka tuƙa. Yakan kai ka inda akwai hawa, ya yi shiru, kansa a karkace. Daga nan sai tambayoyi, kamar na alƙali. Da safe ne take yi ko sai ta yi zafi? In ka tsaya a danja tana karkarwa? Shan manta ya ƙaru? Wane irin hayaƙi take fitarwa? In aka dawo gareji, yana da tsarin da ba ya tsallakewa: matatar iska, fulogi, matatar mai, famfon mai, sannan ya sa tafin hannu a bakin salansa ya ji ko ta toshe. Yakan ce shi daga abin da hannu zai kwance cikin minti biyar yake farawa, domin wanda ya fara da sauke inji ba zai taɓa sanin ko ƙaramin abu ne ba.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne yadda ake yanke wa tsofaffin motoci hukunci. Mota ta rage gudu, sai a ce ringin fistin ya mutu, a sauke inji, ko a ce a nemo wani na Beljiyam. Da na'urar kwamfuta ta shigo garejoji, bai ƙi ta ba, amma ya ce, "Ita unguwa take gaya maka. Neman gidan aikinka ne."

Sau da yawa gidan da yake samu shi ne wani ɗan bawul da kanikawa ke kira i-ji-ar. Shi Kawu ƙofar hayaƙi yake ce masa. Ya taɓa yi mini bayaninsa, yana riƙe da guda a hannu, baƙi ƙirin. "Cikin inji wuta ce mai tsananin zafi," in ji shi. "Sai masu ƙera mota suka yi wata 'yar ƙofa da ke mayar da kaɗan daga hayaƙin salansa cikin injin, don wutar ta ɗan lafa. Amma ƙofar tana da lokacinta. Mota tana tsaye tana silo, inji na aiki ba a taka totur ba, a rufe take. Ka take totur kana hawan dutse, a rufe take. Sai kana tafiya miƙaƙƙiya take buɗewa. To in kunkunniya ta daskare ta hana ta rufuwa, inji yana neman iska ana ɗura masa hayaƙi. Ga shi mu nan Jos a sama muke, iskarmu dama ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Ina ƙarfi zai fito?" Hanyar gane ta a wurinsa mai sauƙi ce. Zai bar mota tana silo tana karkarwa, ya zare ɗan tiyon da ke shiga bawul ɗin. In karkarwar ba ta daina ba, sai ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba. In injin ya daidaita nan take, sai ya kalli mai motar ya ce, "Ga ɓarawonka."

A kan wannan bawul ne suka yi faɗan da ya fi kowanne daɗewa shi da abokinsa na Bukuru. Al'adar garejojinmu ita ce, in ƙofar hayaƙi ta dami mota, a yanko gwangwanin madara a toshe ta gaba ɗaya. Nan take mota ta farfaɗo, mai ita ya tafi yana sa albarka. Abokin yana yin haka, Kawu ba ya yi. Na taɓa tarar da su suna musu.

"Oga, kai wahala ne ke daɗi maka," in ji na Bukuru. "Gwangwani ɗaya, minti goma, mota ya tashi."

"Ya tashi yau. Bayan shekara fistin ya soye, ka ce masa man Najeriya ne."

"To wanda ya ƙera motan yana Jos ne? Ya san hanyan Bukuru?"

"Bai sani ba. Amma ya fi ka sanin abin da ya sa ya huda ƙofar."

"Shi ya sa customer yana gudu wurina."

"Suna dawowa wurina da abin da ka bari."

Suka kwashe da dariya, aka kawo musu masara gasasshiya suka raba.

Motata tsohuwa ce, mai giyar hannu, kuma a shekarar da abin ya faru ta fara nauyi. In na taso daga Farin Gada da ɗan kaya, sai ta riƙa ja kamar an ɗaure ta. A danja tana karkarwa, sau biyu ta mutu mini a tsakiyar titi. Wani bakanike kusa da ofishinmu ya ce sai an sauke inji. Na kai wa Kawu. Ya riƙe ta kwana biyu, ya bi tsarinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare a kan ƙofar hayaƙi. Ya kwance ta, ya jiƙa ta a fetur, ya kankare ta tas. Ranar Alhamis na je ɗauka, abokinsa na nan, yana ta tsokanarsa da ya sa gwangwani a huta. Kawu bai kula shi ba. Ya juyo gare ni da sunan da yake kirana da shi.

"Magatakarda, ɗauko littafinka, tunda kai ba ka yarda da kunnenka ba. Na wanke ta, amma ƙarfen tsakiyarta ya cinye. In ta yi zafi za ta iya sake maƙalewa. Na aika Kano a kawo wata, kwana huɗu. Cikin gari yi yawonka, amma kada ka sauka gangaren Jos da ita. In kuma ta kama dole, kada wanda ya sa mata firi a gangara."

Na tambaye shi dalili, domin na san yadda direbobinmu ke yi: in sun zo gangara mai tsawo sai su cire giya, su bar mota ta tafi da nauyinta, don tsimin mai.

Ya ce, "In tana cikin giya, tayoyi za su ci gaba da juya injin ko da yana son mutuwa. In firi ce, silo yake yi, ƙofar nan ta maƙale ya mutu. Birkin kuwa da zuƙar inji yake samun ƙarfi. Ka taka sau ɗaya, ka taka sau biyu, na uku dutse za ka taka. Sitiyari ma ya yi tauri."

Na rubuta duka. Shafin yana gabana yanzu, da rubutun hannuna. A ƙarƙashin abin da aka kwance akwai matatar iska, fulogi da ƙofar hayaƙi. Babu birki.

Ranar Asabar da safe ƙanena ya zo aron motar. Za su je suna Keffi, wurin dangin matarsa, kuma hanyar ta Hawan Kibo take bi, gangarar da duk ɗan Jos ya san ta. Motar ta yi kwana biyu tana gudu kamar sabuwa. A raina na ce tsantsenin Kawu ne kawai. Na miƙa masa makulli na ce, "Ka tafi a hankali." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kafin azahar aka kira ni. Motar ta ƙwace a kwana ta faɗa gefen dutse. Matarsa ta rasu a wurin. Shi ya karye a ƙugu da ƙafa, kuma da ya farfaɗo a asibiti abin da ya iya faɗa shi ne, "Birki ne ya ƙi."

Mahaifiyarmu tana son surukar nan tata fiye da yadda zan iya bayyanawa. Ita ce ta yi jinyarta shekara biyu ba ta taɓa ɓata fuska ba. A zaman makoki, da Kawu ya shigo ya durƙusa zai yi mata gaisuwa, sai ta ce, "Kai ka riƙe motar nan kwana biyu. Me ka yi wa birkinta?"

Ya ce, "Yaya, Allah Ya ba mu haƙuri."

Ta ce, "Kada ka ƙara taka mini gida."

Ya ɗago kai ya dube ni, sau ɗaya, ba da fushi ba, kamar mai jiran a miƙo masa sifana. Ni kuwa na dubi tabarma. Na ce wa kaina ba yau ba, sai zukata sun huce. Zukata suka huce, na ce sai ƙanena ya warke. Ya warke, na ce tayar da maganar zai fama wa tsohuwa ciwo. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tsawata wa ƙananan ma'aikata a kan ɓatan takarda guda, ya ɓoye shafi guda shekara goma sha ɗaya.

Maganar ba ta tsaya a gida ba. Ta shiga tasha, ta shiga Farin Gada. Dangi suka janye motocinsu, wasu direbobi suka bi su. Da na sayi wata motar, na kasa haɗa ido da Kawu, sai na kai ta wani gareji. Mutane suka ce, ai ga shi nan, ɗan yayarsa ma ya guje shi. Haka na sa hannu a kan ƙazafin ba tare da na buɗe baki ba.

Shi kuwa kowace sallah sai ya zo ƙofar gidan mahaifiyarmu da ledar goro, ya aika a ce yana gaisuwa, ya tsaya a jikin bango. Ba a taɓa cewa ya shigo ba. In ya gaji da tsayuwa sai ya bar goron a hannun wanda ya gani, ya tafi. Ta rasu shekara huɗu da suka wuce ba ta yi masa magana ba. A maƙabarta, shi ya fi kowa cancantar ya shiga kabarin ya karɓe ta, amma ya tsaya a bayan mutane, sai da aka watse ya matso ya zuba ƙasa da hannunsa.

Sau ɗaya muka keɓe ni da shi a duk tsawon shekarun nan. Motata ta mutu a hanyar Bukuru ana yayyafi, ina tsaye ban san abin yi ba, sai ga shi ya sauko daga keke-napep. Bai tambaye ni inda nake kai gyara ba. Ya sa na tayar, ya saurara, ya kwance wani abu ya busa ya mayar. Ya ce, "Matatar mai ce, ka sa a canza." Yana goge hannu sai ya ƙara da cewa, "Kana rubutawa har yanzu, Magatakarda?" Na ce, "Ina rubutawa, Kawu." Ya ce, "To madalla." Ya tsayar da wani keken ya hau. Babu ranar da wannan tambayar ba ta dawo mini.

Washegarin rasuwarsa dattijon Bukuru ya sake zuwa, ya ja ni gefe. Ya ce tare da Kawu suka je duba motar bayan hatsarin. "Birki lafiya ƙalau. Mun kwance, babu abin da ya same shi. Ƙofan hayaƙi ne a buɗe. Ka san abin da Oga ya ce? Ya ce, da na sa gwangwaninka na kwana huɗu kawai, da yarinyan nan yana da rai. Na ce Oga, ba laifinka ba ne, ka gaya wa family. Ya ce Yayana 'ya'ya biyu gare ta, wanne zan nuna mata?" Ya mayar da hularsa. "Daga ranan, in mota zai jira kayan gyara, sai ya toshe ƙofan, ya riƙe makulli, ba ya ba kowa. Bai ƙara yi mini faɗa a kan gwangwani ba. Ni kuma na daina jin daɗin cin nasara. Sauran maganan, ka tambayi ƙaninka."

Na ɗauki littafin na tafi Farin Gada, inda ƙanena ke dillancin kayan gwari. Na same shi a rumfarsa bayan la'asar, sandarsa a jingine, kasuwa ta fara sauka. Na buɗe shafin na ajiye masa a kan cinya. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa.

Na ce, "Kawu ya gargaɗe ni. Ban gaya maka ba."

Ya kai ƙarshen shafin. Sannan ya ce, "Firi na sa, Yaya. Tun daga saman gangarar. Ita ma ta ce mini in mayar da giya, na ce ta bari, kowa haka yake yi. Sai na ji motar ta yi tsit."

"Kawu ya sani?"

"Ya zo asibiti ranar da babu kowa. Ya tambaye ni a wace giya nake, na gaya masa. Ya ce, to kada ka gaya wa mahaifiyarku, ka warke ka riƙe 'ya'yanka." Ya rufe littafin. "Ni na ɗauka ni kaɗai nake cin amanarsa."

A addu'ar bakwai, bayan an shafa fatiha, na nemi izinin liman na miƙe. Na karanta shafin a gaban dangi, na faɗi abin da na ɓoye. Ƙanena ya dogara da sandarsa ya miƙe ya faɗi nasa. Baffan nan namu ya gyara babbar rigarsa ya ce ai abin da ya wuce ya wuce, Allah Ya jiƙan kowa. Ni ba ni da bakin da zan tuhumi wani. Amma ina so a rubuce ya tabbata, ga duk wanda ya taɓa jin maganar a tasha ko a zaure ya kuma ɗauke ta ya kai gaba: bakaniken nan ya gano ciwon motar daidai, ya faɗi haɗarinta daidai, ya sa aka rubuta. Laifin na waɗanda ya rufa wa asiri ne.

Da muka shiga cikin gida, matar Kawu tana zaune a ɗakin takaba, an riga an kai mata labari. Muka durƙusa a bakin ƙofa muna neman gafara. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi mana faɗa ba. Ta ce, "Ni na yafe, shi ma na san ya yafe tun tuni. Amma ranar da aka binne mahaifiyarku ya dawo ya zauna a nan, ya ƙi cin abinci. Ya ce, Yaya ta tafi tana ganin ni na kashe mata yarinya. Yau kun gaya wa mutanen zaure. Ita wa zai gaya mata?"

Ya Allah, Ka yalwata wa Kawu makwancinsa, Ka saka masa da abin da muka hana shi. Ka jiƙan matar ƙanena. Mahaifiyarmu kuma tana wurinka, inda muryarmu ba ta kaiwa. Ka sanar da ita, Ka sa ta ce masa ya shigo.